Ɗakin da na gina wa Inna kusa da tankin da ba nawa ba

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da ɗaya, ina aikin jinya a wani asibiti a Doha, kuma in faɗi gaskiya ina ji da kaina. Shekarata goma sha uku a ƙasar. Na zo da akwati ɗaya da takardun makaranta, na auri ɗan garinmu da ke aiki a sashen kaya na filin jirgi, muka haifi yara uku a wani gidan haya a Abu Hamour, hawa na uku. Ni ce babba a ɗakinmu, ni ake bugo wa waya idan wani abu ya taso a Zariya, na saba in faɗa a yi. Maigidana mutum ne mai sanyin hali, irin wanda idan ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri, don haka yawancin shawarar gida a bakina take ƙarewa. Na rubuto muku ne saboda abin ya daɗe yana cina a rai. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin duk wanda ke cikin labarin nan ya fi ni gaskiya.

Abin da ya sa na tashi haiƙan sai na sayi gida, mahaifiyata ce. Inna muke ce mata. Tun rasuwar mahaifinmu gwiwoyinta suka soma ba ta wahala, har ya zama daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ta tsaya ta huta sau biyu. Na nuna wa wani likitan ƙashi da nake aiki da shi hotunan gwiwar, ya ce aiki ne da ake yi lafiya lau, amma bayansa akwai watanni na jinya da koyon tafiya, sai da wanda zai tsaya mata. Wa zai tsaya mata in ba ni ba? Sai dai Inna ta ce atafau, ita ba za ta zauna a gidan suruki ba. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da take nufi. Ba ta cin abinci a gaban mijina, ba ta bari ya ga kanta babu mayafi, batun su haɗa banɗaki ɗaya kuwa ko a mafarki. Ta taɓa zuwa mana a Abu Hamour, kwana tara kacal ta yi, ta kulle kanta a ɗakin yara ba ta fitowa sai ta ji ya ja ƙofa ya fita, ta koma gida a rame. Da na matsa mata da roƙo, sai ta gindaya min sharaɗin da ta tabbata ba zan iya cikawa ba: ɗaki a ƙasa, ƙofarsa daban, banɗakinsa daban, wanda za ta shiga ta fita ba tare da ta gitta ta gaban surukinta ba. Ni kuwa ba a ƙalubalantata. Na ce mata ta ba ni shekara ɗaya.

Akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da duk Hausawan da muka sani a nan suke kira Baba. Ya daɗe a ƙasar, ya fara da tuƙi a gidan wasu Larabawa har ya zama shi ne amintaccensu, shi suke aika duk wata hidima. Shi ya sauki maigidana ranar da ya fara zuwa ba shi da ko matashin kai, shi ya yi wa ɗanmu na fari huɗuba. Baba ne ya kawo mana labarin wani gida a Al Wukair, cikin irin rukunin gidajen nan da doka ta yarda baƙo ya mallaka. Mai gidan, abokin iyayen gidansa ne, zai koma kusa da 'ya'yansa, yana son ya sayar wa mutanen kirki. Muka je gani ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ɗakunan kwana duk a sama suke, amma ni ba su na je gani ba. Tsakar gida na nufa, na tarar da fili a gefe, da wani ɗan lungu da ya biyo jikin katanga ya fita har bakin titi. A raina na ce ga ɗakin Inna, ga kuma hanyarta. A tsakiyar filin akwai wani koren murfin ƙarfe a kwance daidai da ƙasa, faɗinsa kamar faifai babba. Baba ya buga shi da ƙafa yana dariya, ya ce tankin gas ne a binne, daga yau na huta da jan tukunyar gas zuwa hawa na uku, mota ce ke zuwa ta cika shi. Ya ce gidan da komai nasa ake sayarwa. Ni kuma na ji maganar yadda muke jinta a gida: idan ka sayi gida, rijiyar da ke ciki taka ce, bishiyar ma taka ce, ba wanda zai zo gobe ya ce shi ke da su.

Takardun gidan na hukuma an yi su yadda ya kamata, a ofis, da lauya da komai. Inda na faɗi, a ɗakin baƙin mai gidan ne, kwana biyu bayan nan, da muka je karɓar makulli. An kawo gahawa da dabino, ana ta gaisuwa da addu'a, sai aka miƙo wasu ragowar takardu da aka ce na wuta ne da ruwa da gas. Ta gas ɗin shafi uku ce, da tambarin kamfani a sama, duk da Larabci. Larabcina na asibiti ne, in tambayi mara lafiya inda ke masa ciwo, ban iya karanta na shari'a ba. Baba na zaune kusa da ni, shi ke buɗe shafi yana ɗora yatsa inda zan sa hannu. Ya ce wannan ba komai ba ce, canjin suna ne kawai don motar gas ta ci gaba da zuwa. Na ɗan ja takardar zuwa gabana, na yi niyyar in ce zan tafi da ita gida a fassara min, sai maigidana ya kalle ni ta gefen ido. Ba zan ɗora masa laifi ba, ko bai kalle ni ba ni ma na ji nauyin a jikina. Dattijon da ya ci da mijinki lokacin da ba shi da komai, ya kawo ki gaban manyan mutane ya tsaya miki, ki ce sai kin bincika abin da ya ce ki sa wa hannu? Ai kin ce masa maƙaryaci ke nan a gaban baƙi. Ni da ba na miƙa wa mara lafiya ƙwaya ɗaya sai na karanta takardarta sau biyu, na sa hannu sau uku ban san ko kalma ɗaya ba. Aka shafa fatiha, aka ce Allah ya sa albarka. Daga baya na gane Baba ma bai taɓa karanta ta ba, abin da mai gidan ya faɗa masa shi ya faɗa min.

Ba mu yi wata guda da tarewa ba na ɗauko magina. Na sa aka zana ɗaki da banɗaki, aka kai wa masu kula da rukunin gidajen, suka amince, domin a zanen da na bayar babu murfin nan. Ba ɓoye shi na yi ba, ban ɗauke shi abin da ake zanawa ba ne. Ranar da za a fara haƙa, shugaban maginan, wani ɗan siririn mutum da ba ma jin yaren juna sosai, ya tsaya a kan murfin yana nuna shi yana girgiza kai, yana auna tazara da hannu. Na ɗauka wani sabon kuɗi yake neman ƙirƙirowa. Na ce masa khalas, wato magana ta ƙare, gida nawa ne, tanki nawa ne, ya yi aikin da aka kira shi. Ya ɗaga kafaɗa ya yi. Ginin ya tashi taku ɗaya da rabi daga murfin, ƙofar ɗakin tana kallonsa, bangon banɗakin kuma ya toshe rabin lungun, saura ɗan wurin da mutum zai bi. Har taga na sa aka yi ƙasa-ƙasa, saboda Inna a ƙasa take zama, a ƙasa take kwana, tana son ta ga waje daga kan darduma. Tankin a cike aka bar mana shi, shi ya sa wata biyar motar kamfanin ba ta zo ba, babu wanda ya ga abin da na aikata.

Inna ta iso farkon sanyi. Ban taɓa ganin ta sake a wajena kamar wannan karon ba. Ta shiga ɗakin ta dudduba, ta buɗe famfo ta rufe, ba ta yaba ba, don ba halinta ba ne, amma ta sa aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa ta ce a kawo mata jikokinta. Maigidana yakan zo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta ya wuce, kowa ya riƙe mutuncinsa. Ta zo da kaskonta da kwalaben turaren wuta, don Inna ba ta yarda ɗaki ya zama ɗaki ba sai ya sha hayaƙi. Kullum da safe da kuma bayan la'asar sai ta hura gawayi a ƙofar ɗaki, yaran na zagaye da ita suna rigimar wanda zai yi fifita. Saboda kada garwashi ya ɓata min sabon daɓe, sai ta samo wa kaskon wurin zama mai kyau, shafaffe, na ƙarfe: koren murfin nan. Ina gani, har daɗi nake ji. An sa ranar aikin gwiwarta, duk wanda ya bugo daga gida sai na juya masa waya ya ga ɗakin.

Ranar da motar gas ta zo ina gida. Direban ya jawo mesa ya shigo lungu, ya tarar da bango. Ya leƙa ta ɗan wurin da ya rage, ya ga ƙofa, ya ga taga, ya ɗauki hotuna da wayarsa ya naɗe mesarsa ya tafi. Bayan kwana huɗu takarda ta iso min, wannan karon da Turanci, haɗe da fassarar abin da na sa wa hannu. A cikin mota na karanta, a wurin ajiye motocin asibiti. Tankin na kamfani ne, aro aka ba gidan. Yarjejeniyar da tsohon mai gidan ya yi da su ta dawo kaina gaba ɗaya, da sauran shekara shida. Ba wani kamfani da zai zuba gas a ciki sai su. Kuma ba a yarda da gini, ko ƙofa, ko taga, ko wuta ba, cikin mita uku daga murfin, hanyar mesa ma dole ta zauna a buɗe. Sun ba ni kwana talatin in kawar da ginin. In na ƙi, za su soke yarjejeniyar su haƙe tankinsu, ni zan biya aikin, kuma motar da za ta ɗaga shi ba ta da wurin shiga sai an rushe ɗakin. Na karanta na sake karantawa ina neman wata ƙofa, babu. Ta ko'ina aka bi, ɗakin Inna ne zai tafi. A ƙasan takardar, da jan rubutu, sun ce kada kowa ya kwana a wurin kuma kada a kusanto da wuta har sai injiniyansu ya duba.

Abin da na yi bayan nan shi ne dalilin wannan wasiƙa. Na ninke takardar na tura ta ƙarƙashin kujerar mota, na shiga aiki. Saura mako biyar a yi wa Inna aiki. Na ce wa kaina bari a wuce wannan tukuna, in ta fara takawa sai a san abin yi. Na ce ai kamfanoni haka suke, tsoratarwa ce don su kare kansu, wata biyar ana zaune me ya faru? Ban faɗa wa maigidana ba, saboda na san zai ce a fitar da ita a ranar. Ban faɗa wa Baba ba, saboda zai faɗa wa maigidana. Inna kuwa, na san ina buɗe baki za ta ce a nemo mata jirgi. A ƙarƙashin duk waɗannan dalilai akwai wani da ban so in kalla ba: na riga na nuna wa dangi kaf cewa na cika alkawari, ban iya tunanin a ce ɗakin da aka yi ta yayatawa an rushe shi ba. Sai na shiga dabaru irin na marasa gaskiya. Na sayo tukunyar gas na kai kicin na ce tanki ya yi ƙasa, kamfani na jan ƙafa. Na ce wa Inna maƙwabta sun yi ƙorafin hayaƙi, ta riƙa sa turaren a cikin ɗaki. Ta yi kwana biyu tana yi, ta ce hayaƙin na sa ta tari, ta mayar da kaskon mazauninsa, ta ce maƙwabcin da ƙamshi ya dama ya zo ya same ta. Na ƙyale ta, domin abin da zai hana ta shi ne gaskiyar da nake ɓoyewa.

Makonni ukun da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Na je ofishin kamfanin na yi ta faɗa, na ce yaudara ce, an sa ni sa hannu a abin da ban fahimta ba. Matar da ke wurin ta saurare ni har na gaji, sannan ta juyo min da takardar ta tambaye ni ko wannan sa hannuna ne, ko akwai wanda ya hana ni karantawa. Na fito ina huci, ba don ta yi ƙarya ba. Na kira wani kamfanin gas daban, suka ce ba sa taɓa tankin da ba nasu ba. Na tambayi wani lauya a waya, ya ce in kawar da ginin kawai, in gode wa Allah. Kullum kafin in fita aiki sai in zagaya in sunkuya a kan murfin ina shinshina kamar kyanwa, in ban ji komai ba in ce to yau ma an tsira. A wurin aiki da na ji ƙarar motar kashe gobara sai in ɗauki waya in kira gida. Kamfanin suka yi ta kira don a sa ranar zuwan injiniya, na daina ɗauka. Na rame, na zama mai saurin faɗa, yara suka soma gudu na. Maigidana ya tambaye ni ko lafiya, na ce gajiyar aiki ce.

Da suka gaji da kira, sai suka turo injiniyan kawai, ranar wata Asabar da hantsi, duk muna gida. Wani dattijon Basudane ne mai furfura a gemu. Maigidana ya buɗe masa, ya biyo lungu, ni ina saukowa daga sama da gudu amma na makara. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, ƙananan yaran biyu a gabanta, kasko na kan murfi yana tashin hayaƙi. Mutumin ya ji tana yi wa yaran magana, sai ya yi mata sallama da Hausa, irin ta tsofaffi. Ashe kakanninsa mutanenmu ne da suka tafi hajji a ƙasa, suka tsaya a hanya suka zauna a ƙasar da ya fito. Inna ta washe baki za ta fara tambayarsa asali, sai idonsa ya sauka a kan kaskon. Bai gama amsa gaisuwar ba. Ya cire hularsa ya naɗe hannu da ita, ya ɗauki kaskon a hankali ya fita da shi har bakin titi, ya juye masa ruwan gorarsa. Ya dawo ya ce a kwashe yaran. Sannan ya fito da wata 'yar na'ura ya kai bakin murfin, ta fara ƙara. Ya ce akwai ɗan yoyo a wajen makunnin tankin, kaɗan ne, hanci ba zai ji ba a fili, amma yana nan.

Da ya yi bayanin da Larabci ko Turanci, da wataƙila na samu yadda na murɗa shi. Da Hausa ya yi, kuma Inna ya fuskanta, cikin ladabi, yana ce mata Hajiya. Ya ce wannan gas ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa ya taru inda ya fi gangare. Ya leƙa ya ga katifarta a ƙasa. Sai ya juyo wajena, ba da faɗa ba, ya ce ai kamfani ya rubuto tun mako uku da suka wuce cewa kada a kwana a nan, kuma an ce masa ni da kaina na je ofis a kan maganar, me ya sa ba a fitar da ita ba? Maigidana ya juyo ya kalle ni. Ban taɓa jin tsakar gida ta yi min faɗi haka ba.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta jira baƙon ya rufe tankin ya sa masa hatimi ya tafi, ta jira surukinta ya ja yaran ya shiga ciki, sannan ta ce in matso.

“Ɗaki ba komai ba ne, bulo ne, an gina an rushe. Amma kin sani. Kin sani kika bar ni ina hura wuta a wurin nan, 'ya'yanki na zaune a gabana suna yi min fifita. Da wani abu ya same su, da hannuna za a ce.”

Na durƙusa ina kuka ina cewa don ita na yi, don a yi mata aikin. Ta ce in tashi in kwashe mata kayanta.

Kwana uku ta yi a falo. Maigidana ya tattara 'yan kayansa ya koma wajen Baba don ta sake, sai abin ya ƙara ɓata mata rai, ta ce ita ba ta zo ta kori mutum daga gidansa ba. Na ce zan kama mata ɗaki a kusa, ta ce ba ta baro garinta don ta zauna ita kaɗai cikin mutanen da ba ta jin bakinsu ba. Na ce to a yi aikin, jinyar wata uku ce ko huɗu, a daure. Ta ce wata huɗu a kwance a falon suruki, ana ɗaga ta ana kai ta banɗakin da yake shiga, gara ta ƙarasa da gwiwarta yadda Allah ya ba ta. Baba ya zo, dattijo da shi, ya zauna a ƙasa ya cire hula yana share hawaye, yana cewa shi ya cuce mu, har la'adar da aka ba shi ya ce zai mayar. Inna ta ce masa ya mayar da hularsa, shi abin da ya sani ya faɗa. Ban taɓa jin magana ta dake ni kamar wannan ba, ga shi ba da ni take ba. Maigidana kuwa abu ɗaya ya ce min a tsawon makon, cewa takardar da muka sa wa hannu laifinmu ne mu biyu, amma wadda ke ƙarƙashin kujerar mota tawa ce ni kaɗai.

Na kai ta filin jirgi a keken marasa lafiya, na soke ranar aikin da hannuna. Bayan mako guda maginan da suka gina ɗakin suka dawo suka rushe shi, shugabansu bai ko kalle ni ba, ni ma ban iya haɗa ido da shi ba. Kamfanin suka gyara makunnin, suka cire hatimin. Tankin yana nan, yarjejeniyar na tafiya, motarsu na zuwa a kan kari. Shekara biyu ke nan. Inna tana gidan ƙanena a Zariya, matarsa ce ke yi mata wanka, a zaune take sallah. Likitoci sun ce yanzu jikinta ba zai ɗauki aikin ba. Ta ce ta yafe min, kuma na yarda ta yafe, amma idan na bugo, gaisuwa ce a taƙaice, sai ta ce a ba ta yara.

Ga 'yan uwana da ke ƙasashen nan suna tara guminsu don su mallaki gida, ina roƙonku ku ji daga bakin wadda ta ɗanɗana. Abin da ke binne a tsakar gida ba lallai ne ya zama naku ba don kun biya kuɗin gidan. Ku tambayi na wane ne. Ku karɓi takardar gas daban, ku kai gida, a fassara muku, ku san shekara nawa ta rage, wa ke da ikon zubawa, yaushe aka duba tankin, nawa ne tazarar da ba a gini a cikinta, kuma wa zai ɗauki nauyi in za a cire. Ku yi wannan kafin a kawo gahawa, kafin a shafa fatiha. Neman a ba ka kwana biyu ka karanta ba raini ba ne ga dattijon da ya tsaya maka, kare shi ne ma, domin da na yi haka da Baba bai zauna a ƙasa yana kuka a falona ba. In magini ya girgiza kai, ku tsaya ku nemo wanda zai fassara muku abin da yake nufi. Wannan duk kuskuren rashin sani ne, kuma ana gyara shi da kuɗi da haƙuri. Wanda ba ya gyaruwa shi ne na biyun. Idan takardar gargaɗi ta zo, ku ajiye ta a gaban mutanen gida a ranar, ko da za ta kunyata ku a idon dangi kaf. Da na yi haka, da Inna ta ji haushi, wataƙila ma da mun zauna mu uku mun samo wata hanya tun da sauran lokaci da sauran yarda. Na tsaya kare ɗaki, na bar uwata da 'ya'yana mako uku a bakin wuta da sanina, kuma ta san na sani.